Barbarar Fure da Yaɗuwar Iri a Itatuwan Gona: Nazari a kan Ƙasar Kankiya da Kusada

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Kano, in ya iso ƙasar Kankiya ya dubi dama da hagu, abin da zai fara gani shi ne gonaki shimfiɗe, da manyan itatuwa tsaye jefi-jefi a cikinsu, kamar su ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya da aduwa da kanya. Haka abin yake in ya ratse ya nufi Kusada. Waɗannan itatuwa galibinsu ba dasa su aka yi ba. Da kansu suka tsiro, manoma suka ƙyale su lokacin sassabe saboda amfanin da suke da shi. Daga gare su ake samun daddawa da miyar kuka da tsamiyar kunu da abincin dabbobi da magani da inuwa. Har sunayen garuruwa sun nuna daɗewar wannan zama tare, domin Rimaye jam'in rimi ne, Tafashiya kuma sunan itace ne.

Amma in mai kallo ya ƙara lura, zai ga wani abu mai tayar da hankali. Manyan itatuwa da tsofaffi su suka fi yawa. 'Yan matasan ɗorawa da kuka, waɗanda za su gaji na tsaye, sun yi ƙaranci ƙwarai. Itacen da ake ganin 'ya'yansa ko'ina shi ne bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, shi kuwa baƙo ne.

Makasudin wannan takarda shi ne mu bayyana cewa itace ba ya haihuwa shi kaɗai. Kafin ɗorawa ɗaya ta gaji wata, sai an yi mata dako sau biyu: a kai bununi daga fure zuwa fure, sa'an nan a ɗauke iri daga gindin uwa zuwa inda zai rayu. Masu yin wannan dako su ne iska da ƙudan zuma da jemage da tsuntsaye da dabbobin gida. Za mu kawo abin da masana suka gano game da su, mu danganta shi da itatuwan Kankiya da Kusada, daga ƙarshe mu nuna aikin da ya rataya a wuyan kwalejojinmu.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

Ba mu ga dalilin aro ba a inda Hausa take da kalma. Manomi yakan ce gero ya yi bununi, watau ya fitar da garin nan mai laushi da yake tashi daga zangarniya in iska ta kaɗa. Wannan gari shi ne ƙwayar namiji a tsirrai, saboda haka muka yi amfani da kalmar bununi ga kowane fure, ba na gero kaɗai ba. Sashen mace kuwa yana tsakiyar fure. A ƙasansa akwai mahaifa mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyi, a samansa kuma akwai baki mai danƙo wanda yake kama bununi. Saukar bununi a kan wannan baki ita muke kira barbara, kamar yadda makiyaya suke faɗi game da dabbobi. Bayan barbara ne ƙwayoyin suke zama iri, mahaifa kuma ta zama ɗan itace. Yaɗuwar iri kuwa ita ce tafiyar da iri yake yi daga uwarsa zuwa wurin da zai tsiro. Duk abin da yake ɗaukar bununi ko iri, mai rai ne ko marar rai, mun kira shi ɗan dako.

3.0 TAƘAITACCEN TARIHIN BINCIKEN

Sanin cewa akwai namiji da mace a wasu tsirrai tsohon abu ne. Masu noman dabino sun daɗe suna ɗebo furen namiji suna saƙala shi a cikin na mace, kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa mutanen Madina suna yin haka tun zamanin Annabi (SAW). Manominmu ma ya san namijin gwanda, ya san ba ya 'ya'ya. Abin da ilmin kimiyya ya ƙara shi ne gwaji, kuma yawancin gwaje-gwajen farko a lambunan nazarin tsirrai aka yi su, domin a can ne ake iya tsare itace ɗaya a lura da shi shekara da shekaru.

A shekarar 1694 Rudolf Camerarius, shugaban lambun jami'ar Tubingen ta ƙasar Jamus, ya cire furannin maza na zurman, ya kuma yanke gemun masara, sai ya ga ba su yi iri ba. A 1793 wani Bajamushe, Christian Konrad Sprengel, ya wallafa littafin da ya nuna cewa launin fure da ƙamshinsa da ruwan zaƙinsa duk kiran ƙwari ne. Game da yaɗuwar iri kuwa, Henry Ridley, wanda ya shugabanci lambun Singafo fiye da shekara 20 tun daga 1888, ya tattara abin da aka sani a babban littafinsa na 1930.

Itatuwanmu sun shiga wannan bincike ta wata hanya mai ban mamaki. A shekarun 1930, masana biyu, Leendert van der Pijl da Otto Porsch, suka danganta furen kuka da jemage, kuma kukokin da aka lura da su a lokacin dasassu ne a tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya, inda shahararren lambun Bogor yake. Sai a 1945 Paul Jaeger ya tabbatar da haka a Dakar ta ƙasar Sanagal, a mahaifar kukar kanta. A 1957 Herbert Baker da B. J. Harris suka bayyana yadda jemagu suke barbarar ɗorawa a ƙasar Gana, a 1959 kuma suka yi bayanin rimi. A nan gida, A. Pettet ya wallafa nazari a 1977 kan yadda tsuntsaye suke shan ruwan fure a Zariya gwargwadon sauyin lokutan shekara. Kafin duk waɗannan, J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, aikin da har yanzu masu nazari suke komawa gare shi.

4.0 'YAN DAKON BUNUNI

4.1 Iska

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Gero da masara iska ce take yi musu barbara, shi ya sa furensu ba shi da ado ko ƙamshi, sai dai yawan bununi. Zangarniyar gero takan fara fitar da fararen zarurrukan sashen mace kwana biyu ko uku kafin bununinta ya fito. Saboda haka galibi bununin wata zangarniya ne yake riga sauka a kanta. Wannan ne dalilin da ya sa gero yake saurin gaurayuwa in an shuka iri biyu kusa da juna, shi ne kuma asalin shibra, wadda take fitowa daga cuɗanyar geron gida da danginsa na daji. Dawa da wake da gyaɗa kuwa yawanci furensu yakan barbari kansa. Wataƙila wannan sauƙi da hatsi yake da shi ne ya sa ba mu cika tunanin barbara ba. Itatuwan gona ba su sami wannan sauƙi ba.

4.2 Jemage

Ɗorawa, wadda masana suke kira Parkia biglobosa, tana fure ne da rani, wajen watan Fabrairu da Maris a ƙasarmu. Jan tuntun nan da yake reto a ƙarshen doguwar igiya ba fure ɗaya ba ne, taron ɗaruruwan ƙananan furanni ne. Waɗanda suke kusa da igiyar aikinsu fitar da ruwan zaƙi, wanda yake taruwa a wani ɗan kwarmi da ya kewaye tuntun. Sauran su ne masu haihuwa. Furannin suna buɗewa da almuru, kuma dare ɗaya tak suke aiki. Jemage yakan zo ya rungumi tuntun yana lasar ruwan zaƙi, ƙirjinsa da fukafukansa su kwashi bununi, sa'an nan ya tashi zuwa wata ɗorawa. Dubi yadda siffar furen ta dace da baƙon: yana reto a sarari nesa da ganye inda mai faɗin fiffike zai iya isa, yana da ƙarfin ɗaukar nauyinsa, yana kuma buɗewa daidai lokacin fitowarsa. Daga cikin jemagun da aka gani suna wannan aiki akwai Epomophorus gambianus da kuma babban jemagen nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da yake kwana gungu-gungu a itatuwan gari, watau Eidolon helvum.

Abin lura a nan shi ne ɗorawa ba ta cika karɓar bununin kanta ba. Tana bukatar na wata ɗorawa. Ke nan ɗorawar da ta saura ita kaɗai a fili, nesa da 'yan'uwanta, ta dogara ne ga ɗan dako mai doguwar tafiya.

Kuka ma haka take. Tana fure da farkon damina. Furenta fari ne babba mai reto, yana buɗewa da yamma, yana da wari mai ƙarfi wanda mutum ba ya so amma jemage yana bi, kafin yammacin gobe kuma ya yi yaushi. Mutane sukan kira kukar da ba ta 'ya'ya namiji, alhali kowane furen kuka yana da sashen namiji da na mace. Rashin 'ya'yanta yana da wasu dalilai, daga cikinsu akwai ƙarancin barbara da kuma yawan sassaƙe rassanta don ganyen miya, domin reshen da aka sare bana ba zai yi fure ba. Rimi shi ma da dare yake buɗe fure a lokacin hunturu, jemage kuma yana cikin manyan baƙinsa.

4.3 Ƙudan zuma

Ba jemage kaɗai yake ziyartar ɗorawa ba. Ƙudan zuma sukan zo da magariba kafin duhu, su kuma dawo da sassafe. Kristin Lassen da abokan aikinta sun yi gwaji a Gambiya, suka wallafa a 2012, sa'an nan a Barkina Faso, suka wallafa a 2017, inda suka nuna cewa ƙudan zuma suna iya ɗauke nauyin barbarar ɗorawa a wuraren da jemage ya yi ƙaranci. Wannan ya ba al'adar ɗora amya a kan ɗorawa wata ma'ana da mai amyar bai yi nufi ba: yana neman zuma, yana kuma ƙara wa mai itacen kalwa.

Tsamiya da gawo da magarya duk ƙwari ne 'yan dakonsu. Kaɗanya, wadda ta fi yawa a kudu da mu, ta dogara ga ƙudan zuma ƙwarai. Binciken da Aoife Delaney da abokan aikinta suka wallafa a 2020 ya nuna cewa kaɗanyar Barkina Faso tana rasa wani kaso na 'ya'yanta saboda ƙarancin barbara, kuma matsalar ta fi sauƙi a inda itatuwa da tsirrai suke iri-iri. Dalilin a fili yake. Ƙudan zuma yana bukatar abinci wata goma sha biyu, kowane itace kuwa makonni kaɗan yake fure. Sai an sami masu karɓa-karɓa, wannan ya gama wancan ya fara, kafin amya ta zauna. A fadamu da lambunan rani ma, kabewa da kankana da duma suna da furen namiji dabam da na mace dabam, in ba ƙwaro ba ɗa. A duniya baki ɗaya, nazarin Alexandra Klein da abokan aikinta na 2007 ya nuna cewa 87 daga cikin manyan amfanin gona 115 suna ƙaruwa da barbarar da dabbobi da ƙwari suke yi.

4.4 Ƙwaron ɓaure

Hausawa sukan ce mai son cin ɓaure ba ya tona cikinsa, saboda ƙwarin da ake samu a ciki. To, waɗannan ƙwari su ne rayuwar ɓaure. Abin da muke kira ɗan ɓaure jaka ce wadda furanni suke jere a bangonta na ciki, tana da 'yar ƙofa a ƙasa. Wata ƙaramar ƙwaro dangin rina, wadda tsawonta bai wuce milimita biyu ba, takan kutsa ta wannan ƙofa ɗauke da bununi, ta barbari furannin, ta yi ƙwai a cikin wasu, ta mutu a ciki. 'Ya'yanta maza, waɗanda ba su da fiffike, su ne suke huda wa matan hanyar fita. Matan su ɗebi bununi su tashi neman wani ɓauren da ya isa karɓa, kwana ɗaya ko biyu kawai suke da shi a duniya. J. Galil da D. Eisikowitch ne suka bayyana wannan game da Ficus sycomorus a Gabashin Afirka a 1968. A 2009 kuma aka nuna a ƙasar Namibiya cewa iska tana iya ɗaukar wannan ƙwaro da bununinta har kilomita 160. Darasin shi ne ɓauren Kankiya da na Kusada jama'a ɗaya ce, kowane yana jiran saƙo daga wani.

4.5 Masu namiji dabam da mace dabam

Giginya da goruba da dabino da kanya suna da itace namiji da itace mace. Manomin da ya sare namijin kanya don ba ya 'ya'ya ya rage wa matan da suke kewaye da shi haihuwa, ko da kuwa a gonar maƙwabci suke.

5.0 'YAN DAKON IRI

Me ya sa iri yake bukatar tafiya? Domin gindin uwa shi ne wuri mafi hatsari gare shi. Akwai inuwa, akwai saiwoyin uwar da suke shanye laima, a nan ne kuma ƙwari da ɓeraye da cututtukan da suka saba da wannan itace suke taruwa. Daniel Janzen a 1970 da Joseph Connell a 1971 su ne suka fito da wannan bayani. A gonakinmu sai a ƙara da awakin da suke sheƙa a inuwa suna cinye duk abin da ya tsiro.

5.1 Dabbobin gida

Gawo, Faidherbia albida, ya saɓa wa sauran itatuwa. Yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da kaka, ya yi fure, 'ya'yansa su nuna da tsakiyar rani lokacin da abincin dabbobi ya yanke. Shanu da tumaki da awaki sukan cinye su. Ƙwayar irin tana da ɓawo mai tauri, saboda haka wani kaso yakan fita cikin kashi lafiya lau, ya sauka nesa da uwa, a cikin takinsa. Ke nan tsohuwar al'adar nan ta gayyatar makiyayi ya zauna a gona da rani, da kuma kai takin gida gona, shuka gawo ce ba tare da an sani ba. Aduwa da magarya da bagaruwa ma dabbobi suna ɗaukar irinsu. Akuya takan haɗiye aduwa, in ta kwanta tuƙa ta tofar da ƙwallon a wani wuri.

5.2 Jemage da tsuntsaye

An kawo bedi Nijeriya ne a 1928, a lardin Barno, asalinsa kuwa daga yankin Indiya yake. Dasa shi aka yi a bakin tituna da kasuwanni, amma ba dashe kaɗai ya yaɗa shi ba. Jemage yana son 'ya'yansa. Yakan tsinka ya tafi da shi wani itace, ya tsotse ya yar da ƙwallon. Edward Ayensu, masani ɗan ƙasar Gana, ya bayyana a 1974 yadda jemagu suka yaɗa bedi a filayen Akara. Shi ya sa muke ganin 'ya'yan bedi cunkushe a ƙarƙashin tsamiya da ɗorawa inda ba wanda ya shuka su. Wani bincike da aka yi a Gana, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa Eidolon helvum yana iya kai ƙananan iri har kilomita 75 daga inda ya ci su. Ɓaure da ɗinya da kanya da kaɗanya duk suna amfana da irin wannan dako.

Kauci misali ne da ya haɗa sassan biyu na wannan takarda. Akwai ɗan tsuntsu mai dogon baki wanda Hausawa suka raɗa wa suna sha-kauci. In ya taɓa tohon furen kauci da bakinsa, sai furen ya fashe ya watsa masa bununi a ka. Irin kauci kuwa mai danƙo ne. Wasu ƙananan tsuntsaye sukan ci 'ya'yansa, su dawo da ƙwallon, su goge shi a jikin reshe, a nan ya manne ya tsiro ya shiga tsotson itacen. Wannan yana tuna mana cewa ɗan dako ba ya zaɓen kaya, yana ɗaukar mai amfani da mai cutarwa.

5.3 Iska da jikin matafiyi

Audugar rimi da ta tumfafiya laima ce da iri yake tashi da ita. Ƙarangiya da ƙashin yawo kuwa ƙaya suke da ita, su maƙale a gashin dabba ko bakin zane. Sunan ƙashin yawo kansa bayani ne a kan yadda yake tafiya.

6.0 INDA IGIYAR TAKE TSINKEWA

In mun koma ga tambayarmu ta farko, watau dalilin ƙarancin 'yan matasan itatuwa, za mu ga igiyar tana tsinkewa a wurare huɗu.

Na farko, a wajen fure. Sarar itatuwa don itacen girki da gawayi da katako tana ƙara tazara tsakanin waɗanda suka saura. Sare manyan itatuwan gari yana korar jemage daga makwancinsa, ga kuma harbi. Tun 2008 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa Eidolon helvum cikin jerin dabbobin da suke dab da shiga barazana. Ɗibar zuma da wuta tana hallaka ƙudan, haka kuma fesa maganin ƙwari a kan wake da safe lokacin da furensa yake buɗe.

Na biyu, a wajen iri. Ɗorawa tun tana bisa ake kaɗe ta da ƙugiya, a daka, a wanke kalwa, a dafa ta don daddawa. Kalwar da aka dafa ba ta tsira. Ashe darajar itacen ita ce take cinye zuriyarsa. Muruci ma haka yake, kowane muruci da aka ci giginya ce da ba za ta tsaya ba.

Na uku, a wajen tafiya. Burtali ya ƙuntata, zaman makiyayi a gona ya ragu, namun dajin da suke ɗaukar iri a da, kamar birai, sun janye daga gonakin da suka cika da mutane.

Na huɗu, a wajen tsiro. A da akan bar gona ta huta ta zama saura, a cikin saurar ne 'ya'yan itatuwa suke samun shekarun da za su fi ƙarfin akuya. Yanzu yawan jama'a ya sa ana noma gona kowace shekara, garmar shanu kuma ba ta bambanta ɗan ɗorawa da ciyawa.

Bedi ya tsallake duk waɗannan tarkuna: ɗan dakonsa yana nan, mutane ba sa cin irinsa, ɗacinsa kuma yana rage masa ɓarnar dabbobi. Ba abin mamaki ba ne da ya rinjayi 'yan gida.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin dashe, daga shirin dasa itatuwa na Jihar Katsina wanda Tarayyar Turai ta tallafa wa, har zuwa shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Katsina take cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya. Dashe abu ne mai kyau, amma bai wadatar ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna wata hanya. Tun daga 1983, da ƙarfafawar Tony Rinaudo, manoma suka shiga abin da suke kira sassaben zamani, watau a ƙyale tohon kututture da 'ya'yan itatuwan da suka tsiro da kansu a gona, a rage musu rassa, a tsare su. An ƙiyasta a 2009 cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun tashi ta wannan hanya a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Sai dai mu lura: tohon kututture tsohon itace ne ya farfaɗo, sabon itace kuwa sai ta hanyar iri, iri kuma sai da ɗan dako.

7.0 AIKIN DA YAKE GABAN KWALEJOJINMU

Binciken barbarar ɗorawa da muka ambata a Gana da Gambiya ba ya bukatar na'urori masu tsada. Abin da ya fi bukata shi ne haƙuri da zama a gindin itace. Jami'ar Ahmadu Bello tana da lambun nazarin tsirrai a Samaru, kuma babu abin da zai hana kowace kwalejin horon malamai ta keɓe fili ta tara itatuwan gida, kowane da sunansa na Hausa da na kimiyya. Gonakin Kankiya da Kusada kuwa su kansu babban lambu ne, in an nemi yardar masu su. Muna ba da shawarar ayyuka huɗu waɗanda ɗalibai za su iya yi:

(a) Ƙidayar shekaru. A zaɓi gonaki a wurare kamar Rimaye da Kafin Soli da Yashe, a auna kaurin gindin kowane itace, a rarraba su zuwa ƙanana da matsakaita da manya. Wannan zai nuna wane iri ne yake da magada.

(b) Gwajin rufi. A kan ɗorawa ɗaya, a rufe wasu tuntaye da jakar gidan sauro tun kafin su buɗe don kada kome ya shiga, a rufe wasu da raga mai faɗin ido wadda ƙudan zuma zai wuce amma jemage ba zai wuce ba, a bar wasu a buɗe. Bayan makonni a ƙirga 'ya'yan da kowane rukuni ya yi.

(c) Gadin fure. A zauna daga la'asar sakaliya zuwa bayan lisha, a kuma dawo da asuba, a rubuta kowane baƙo da lokacin zuwansa. A haɗa da kalandar fure ta shekara, don a ga watan da ƙudan zuma yake rasa abinci.

(d) Gwajin taki. A ɗebo kashin shanu da na awaki da rani, a baza a kan yashi a cikin kasko, a yi ta ba shi ruwa, a rubuta abin da ya tsiro.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ya kamata a zauna da masu amya da mata masu daddawa da makiyaya da tsofaffin manoma. Wanda ya raɗa wa tsuntsu suna sha-kauci ya yi gadin fure kafin mu. Tattara irin waɗannan kalmomi aiki ne da sashen Hausa da sashen kimiyyar halittu za su yi tare, kuma daga nan ne za a sami kalmomin koyar da wannan darasi a firamare da harshen da yaro yake ji.

8.0 KAMMALAWA

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa itatuwan gonakin Kankiya da Kusada sun dogara ga 'yan dako iri-iri a matakai biyu, barbara da yaɗuwar iri, kuma ƙarancin magada da muke gani yana da nasaba da tsinkewar wannan igiya. Abin da za a gaya wa manomi ba shi da wuya: ya bar namijin kanya da na giginya, ya bar wa kuka wasu rassa ta yi fure, ya ware 'yar kalwa kaɗan don shuka kafin a dafa saura, ya yi feshi da yamma lis bayan ƙudan zuma ya koma amya, ya kewaye ɗan itacen da ya tsiro da ƙaya har ya fi ƙarfin akuya, a kuma ƙyale jemage a makwancinsa. Ɗorawa tana ɗaukar shekara 5 zuwa 10 kafin ta fara 'ya'ya. Wadda muke cin daddawarta yau, wani ne ya kauce mata da fartanya tun ba a haife mu ba. Muna fata malamai mahalarta wannan taro za su gyara mana inda muka yi kuskure, su kuma gwada waɗannan ayyuka a yankunansu, domin mu kwatanta sakamako a taro na gaba.